Neman kalma: me za mu kira tsarin da kwamfuta ke nuna wa ɗan sanda inda zai je?

1/ Turawa na kiransa predictive policing: 'yan sanda su zuba wa manhaja tsofaffin bayanan laifuka, ita kuma ta nuna musu unguwar da za su tsananta sintiri ko mutumin da za su sa wa ido. A Hausa abin da ke fara zuwa baki shi ne "hasashen laifi". Ban gamsu da shi ba.

2/ Hasashe ya riga ya yi nauyi a kunne saboda hasashen yanayi. Idan aka ce gobe za a yi ruwa, gari na wayewa kowa zai ga gaskiyar magana. Nan ba haka ba ne. Manhajar ba ta san inda aka aikata laifi ba, inda aka rubuta shi kawai ta sani. Unguwar da aka fi tura 'yan sanda can za a fi yin kame, kamen ya shiga kundi, kundin ya sake cewa a koma can. Ita ta tura, ita kuma ta ba kanta gaskiya.

3/ A Amurka an gwada an gani. A 2019 Chicago ta jingine jerin sunayen mutanen da manhajarta ke ba makin yiwuwar shiga laifi. 'Yan sandan Los Angeles sun rabu da manhajarsu mai suna PredPol a 2020, shekarar da birnin Santa Cruz ya haramta tsarin baki ɗaya.

4/ "Duban laifi" akwai daɗin zolaya, amma ba wanda zai sa shi a takardar doka.

5/ Ni "kintacen laifi" na zaɓa. Mai kintace ya san bai tabbatar ba, mai sauraronsa ma ya sani. Kuma abin da doka ke nema ke nan. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, daga 2 ga Fabrairun 2025, ta hana a yi amfani da manhaja a ce wane zai aikata laifi bisa halayensa da bayanan rayuwarsa kaɗai. Sai in jami'i yana da hujja a hannu da ke haɗa mutumin da laifi, manhajar ta zama mataimakiya. Dokar ta kuma ɗora wa hukumomi nauyin wayar da kan ma'aikatansu game da na'urar da ke hannunsu. Kurtun da aka koya wa "hasashe" a aji zai iya tsayar da mutum da ƙarfin gwiwa. Wanda aka koya wa "kintace" sai ya tambayi kansa me zai gaya wa alƙali.

6/ Kalmar "kintace" tana kuma ɗaukar ƙari: manhajar kintacen laifi, taswirar kintace, makin kintace. Masu son "kirdado", ma'anar kusan ɗaya ce, sai dai "makin kirdado" ya fi nauyi a harshe. Ku gwada ku ji.