Ƙofar bayan Sharan ta daina tsayawa da kanta

Direban Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan motata ƙirar Volkswagen Sharan. Tun shigowar hunturu, idan na ɗaga ƙofar baya da sassafe sai ta sauko a hankali, dole in tokare ta da sanda kafin in loda kaya, amma idan rana ta take tana ɗan tsayawa. Shin shokozobar ƙofar ce ta mutu, kuma ana iya ƙara mata iska?

Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke cikinta iskar nitirojin ce da aka matse tare da ɗan mai, kuma sanyi yana rage ƙarfin iskar, shi ya sa wadda ta fara yoyo take tona asirin kanta da safe. Duba sandar ƙarfen mai sheƙi: idan ka ga danshin mai da ƙura ta manne masa, to robar bakinta ta cinye. A rufe ake ƙera ta, saboda haka sauyawa ita ce mafita, kuma ka sauya biyun tare, domin sabuwa da tsohuwa suna karkatar da ƙofa. A jikin tsohuwar akwai lamba da ke ƙarewa da harafin N, misali 600N, wadda ke nuna ƙarfinta. Ka nemi mai lamba da tsayi iri ɗaya.

Mai Kayan Gyara:
Ranka ya daɗe, ban ba ka shawarar sayen ta hannu ba, ko da an rantse maka cewa daga Beljiyam ta zo, domin iskar tana zurarewa ko tana ajiye. Ɗaurawa ba wuya: wani ya riƙe ƙofar, ka sa sukudireba mai faɗin baki ka ɗan ɗaga ƙaramin ƙarfen da ya maƙale kanta, ka zare, ka danna sabuwar har ta ce ƙas. Sandar ta kalli ƙasa idan an rufe ƙofa, don man ya riƙa jiƙa robar.

Bakanike:
Kada a shafa wa sandar giris, ƙura yake tarawa. Tsumma mai tsabta ya isa. Tsohuwar kuma kada a huda ta ko a jefa ta wuta, tana iya fashewa. Sannan direbobin haya su sani, cika but da kaya a ɗaure ƙofa da igiya tana rabin buɗe yana lanƙwasa sandar tun kafin iskar ta ƙare.