Ƙanena ya ƙi barin Damagaram, Inna ta kasa barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Daura nake, shawara nake nema. Ƙanena, uwarmu ɗaya amma mahaifinsa ɗan Damagaram ne, can yake aiki da wata ƙungiya mai koya wa matasa sa ido a rumfunan zaɓe, da kuɗin Turawa. Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 masu tallafin suka janye hannu, ofishin ya rufe. Na samo masa rumfa a kasuwarmu, ya ce ba ya zuwa, sai rubuce-rubuce yake a Facebook kan a koma mulkin farar hula. Inna kullum maganarta ɗaya: ƙasar da dogaran shugaba suka harbe shugaban, wa zai tsaya wa ɗan talaka? In je in taho da shi, ko in ƙyale shi?

Wani dattijo daga Mai'aduwa:
Ɗana, tsoron mahaifiyarku yana da tushe. Ina harkar hatsi ta Kongwalam aka kashe shugaba Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai, 9 ga Afrilun 1999. Manjo Wanke, shugaban dogaransa, ya karɓi mulki, Faransa ta tsayar da taimako, kafin shekarar ta ƙare aka yi zaɓe Tandja ya hau. Shi ma tazarce ta kai shi ƙasa a 2010. Na ga wannan hawa da sauka da idona, kuma duk lokacin talaka ne ya fi shan wuya. Kada ka je da faɗa. Kai masa Inna da kanta, ya ga yadda ta rame.

Wata malama daga Katsina:
Baba, a gafarce ni, ni ina ganin yaron ya yi abin a yaba. An ɗauke albashi bai daina ba, ashe ba don kuɗin Turawa yake yi ba. A 2021 fa Issoufou ya miƙa wa Bazoum mulki ta akwatin zaɓe, karo na farko a tarihin Nijar. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai saki buri da sauƙi ba. Sai dai yanzu an rusa jam'iyyu tun Maris 2025, an ba shugaban mulkin soja Janar Tiani shekara 5, babu inuwar da zai fake. Ya rage rubutu da sunansa, don Allah.

Wani direba:
Yaya, ka ce ya zo hutun wata guda kawai. In ya riƙe rumfar ya ga ciniki, sauran magana ta yi sauƙi. Damagaram ba nisa, zai riƙa leƙawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Inna, ta ce Asabar za mu tafi tare. Baba, in mun iso Mai'aduwa zan kira ka.