Me ruwa ya bar muku a gona bayan ya janye?

Manomi daga Auyo:
Assalamu alaikum. Gonarmu ta gado tana bakin kogin Haɗeja. Bayan ambaliyar 2022 da ruwa ya janye, na shiga na tarar gonar ta rabu biyu. Gefen da ke kusa da gaɓa yashi ya binne shi, na tona da hannu har gwiwar hannuna ban taɓo ƙasarmu ba. Can ciki kuwa laka ce baƙa mai santsi, da ta sha rana ta tsattsage kamar fasasshiyar tukunya. Nan na zuba wake a kan damshin, ko mudu ɗaya na taki ban sa ba, ya yi kyan da na daɗe ban gani ba. Gefen yashin har yau bai dawo daidai ba. Don Allah duk mai gona a fadama ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon malamin gona, Haɗeja:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ka gani haka kogi yake aiki. Muddin ruwa yana cikin hanyarsa da gudu, yana iya ɗaukar kaya. Da ya tsallake gaɓa ya bazu sai ƙarfinsa ya mutu, ya fara sauke mai nauyi, wato yashi, nan bakin gaɓa. Laka mai laushi ita ce take tafiya nesa, sai inda ruwa ya kwanta sannan ta zauna. Shi ya sa bakin kogi yakan fi tsakiyar fadama tudu. Shekara bisa shekara, shimfiɗa kan shimfiɗa, da haka aka samu ƙasar da iyayenmu suka noma shinkafa ba su san buhun taki ba.

Amma an tare ruwan da ke zuwa kogin Haɗeja daga sama: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Madatsa tana tare laka mai yawa a bayanta, kuma tana canza lokacin zuwan ruwa. Da can kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da ruwa ya koma gudana duk shekara, kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa, ta samu wurin zama.

Masunci daga Nguru:
Baba, ka taɓo inda yake mana ciwo. Hanyar da nake bi da kwale-kwale ina yaro, yau kachalla ta fi tsayin mutum a cikinta. Tana rage wa ruwa gudu, laka ta taru a gindinta, hanya ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin kafa saiwa. Da Burum Gana, ɗaya daga rassan kogin Haɗeja, ta toshe sai ruwan ya karkato ta Marma, reshen da ke zuwa wajenmu, mu muna nutsewa, 'yan uwanmu na can suna neman na ban ruwa. Ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kachallar, da asuba su sauka a kan shinkafa.

Mun yi gayya, ƙauye uku. Abin da muka koya da jikinmu: in ka sare kachalla a saman ruwa ka yi aikin banza, sati kaɗan ta tofo. Sai ka nutsa lauje ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen ba zai sha iska ba, sannan take ruɓewa. Ranar da muka buɗe bakin hanyar, ina tsaye ruwa iya ƙugu, na ji yana jan zanen da na ɗaura. Wallahi sai da na yi hawaye.

Wata uwa daga Guri:
Mu jinga aka yi mana, kuma ta tsare gidajenmu, Alhamdulillahi. Amma gonar maigidana da ta faɗa bayan jingar ta daina samun sabuwar laka, yanzu sai da taki. Ƙanwata da ke aure a ƙauyen ƙasa da mu ta ce tun daga lokacin ruwansu ya ƙaru. Ni dai a ganina a kare gari, a bar fadama ta sha ruwanta.

Makiyayi, yankin Gashuwa:
Gaskiyarki Inna. Mu nan rabonmu ya fi zuwa ta kogin Jama'are, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba. Shekarar da ya malala ya janye da wuri, ciyawa takan kai mu har bazara.

Manomi daga Auyo:
Na gode ƙwarai. Baba malamin gona, yashin nan nawa fa, in kwashe shi da amalanke ko in bari?

Tsohon malamin gona, Haɗeja:
In bai wuce taƙi ɗaya na hannu ba, juya shi da garma ya gauraya da lakar ƙasa, ka zuba takin gida. In ya kai yadda ka faɗa, kwashe na sama, ko bana ka sa kankana a wurin.