Me za mu kira "intercept" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan maƙetara

Assalamu alaikum malaman lissafi da masu kishin Hausa. Makon jiya na yi tambaya kan kalmar da za mu sa a madadin "intercept", wadda ɗalibanmu ke kira intasef, wato wurin da layin da aka zana a giraf ya bi ta kan layin kwance ko na tsaye. Amsoshi sun zo da yawa, wasu har ta waya suka bi ni. Yau zan tattara abin da aka ce, in faɗi inda na tsaya da dalilina. Zancen zai ɗan ja, a yi mini haƙuri.

Ga abin da ya jawo maganar. 'Yar ƙanwata tana aji biyu na babbar sakandare, a Gwale suke zaune. Ran Asabar bayan la'asar ta zo mini da takardar giraf, an ba su 2x + 3y = 12 su zana layinsa. Ta ja tebur, ta jera x daga 0 har 6, tana ta kokawa da 3⅓ da 2⅔, tana ɗigawa tana gogewa har takardar ta kusa hujewa. Na ce, "Ɗiyata, ba a koya muku hanyar intasef ba?" Ta ce, "Kawu, an koya mana. Ana sa sifili a x, a sa sifili a y. Amma kullum sai na manta wanne ne na wanne."

Wannan amsar ta tsaya mini a rai. Yarinyar ba ta da laifi, ƙa'idar ma ta haddace ta. Kalmar ce ba ta nuna mata komai. Da a ce tana jin sunan ta ga wurin a idon zuciyarta, da ba sai ta haddace ba.

Don wanda ya daɗe da barin aji, bari in tuna masa. Takardar giraf tana da layuka biyu da suka gicciye juna: na kwance, wato na x, da na tsaye, wato na y. Miƙaƙƙen layi kuwa ɗigo biyu ya ishe shi. Magini ma ya san haka: turaku biyu yake kafawa ya ja igiya, ba ya neman na uku. To tunda biyu kawai muke so, me zai sa mu wahalar da kanmu? Sai mu ɗauki mafi sauƙin samu, wato inda layinmu ya bi ta kan na kwance, da inda ya bi ta kan na tsaye. A kan layin kwance babu hawa babu sauka, don haka y sifili ne. A kan layin tsaye ba a gusa dama ko hagu ba, don haka x sifili ne.

Da na ga ba ta gamsu ba, sai na mai da shi cefane. Na ce, a ce Inna ta ba ki naira dubu 12 ki je Kasuwar Rimi. A ce kwanon gero dubu 2, kwanon wake dubu 3. In kika fasa sayen wake gaba ɗaya, gero nawa za ki auno? Ta ce shida. In kika fasa gero fa? Ta ce wake kwano huɗu. Na ce to ɗiga 6 a layin kwance, ɗiga 4 a layin tsaye, ɗora rula ki ja. Ta ja. Sannan na ce ta duba wajen gero kwano uku. Ta bi da yatsa, ta ga layin ya ba ta wake kwano biyu, ta lissafa a baki: dubu shida da dubu shida. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kawu, ashe duk cefanen da zai cinye kuɗin a kan layin yake."

Waɗannan wurare biyu, 6 da 4, su muke nema wa suna.

Wanda ya fara amsa mini wani malami ne da ya yi karatu a ƙasar Larabawa. Ya ce, "Malam, a littattafan Larabci al-maƙɗa' ake cewa, wato wurin yankewa. Mu bi sawunsu mana, mu ce mayanka." Allah ya saka da alheri, Malam, na ƙaru ƙwarai, musamman da ka nuna mini cewa Larabci ma da "ma" yake gina sunan wuri kamar yadda muke yi a makaranta da masallaci da maƙera. Kuma ba baƙon abu ba ne mu waiwayi Larabci a wannan fanni. Kalmar aljabara kanta daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Zana lissafi a kan layuka biyu ne ya zo daga baya, bayan littafin Bafaranshen nan Descartes na 1637. Sai dai a Kano mayanka tana da mai ita. Duk yaron da ka ce wa "nemo mayanka", Abbatuwa zai gani da shanu da mahauta. Kalmar ta riga ta cika, babu wurin da za mu zuba sabuwar ma'ana.

Mahaɗa ce ta fi samun magoya baya, sai magama a bayanta. Na fahimci dalili: kowa ya san su, kuma da gaske layinmu yana haɗuwa da na kwance. Amma ina roƙon mu adana mahaɗa, domin nan gaba kaɗan za mu buƙace ta. In ɗalibi ya iso inda ake ba shi lissafi biyu a tare, kamar x + y = 5 da x − y = 1, zai zana layuka biyu su haɗu a inda x yake 3, y yake 2. Wannan wurin shi ne mahaɗa ta gaskiya, kamar yadda tituna biyu ke haɗuwa. In muka kashe kalmar tun yanzu, ranar nan za mu tsaya a gaban allo muna cewa "mahaɗar nan ba irin waccan mahaɗar ba ce", mu sake jefa yaran cikin ruɗanin da muke gudu. Magama ma haka, kunne ba ya raba ta da mahaɗa.

An kawo matsallaka. Ban karɓa ba, saboda wanda ya tsallake kwata bai taɓa ta ba, mu kuwa ɗigon da muke nema a kan layin yake daram. An kawo maratsa, kuma ta burge ni, don ratsawa bi ta ciki ne. Na gwada ta a bakin mutum uku a gida, biyu suka ji ta kamar wurin da ake ratse hanya. Layinmu kuwa ba ya ratsewa.

Wata Hajiya, tsohuwar malamar firamare, ta rubuto abin da ya fi komai taɓa ni. Ta ce, "Ɗana, ku 'yan birni me kuke nema da nisa? Hanya in za ta fita daga cikin gari ta ina take bi ta ganuwa? Ai ta ƙofa. Ku ce ƙofar kwance da ƙofar tsaye." Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tun ranar nake amfani da misalinki. Ina zana layukan biyu in ce wa yara ga badala, ga hanya ta shigo ta wata ƙofa kamar Ƙofar Mata, za ta fita ta wata kamar Kabuga. In kun san ƙofofin biyu, kuma hanyar miƙaƙƙiya ce, kun san hanyar duka. Yaran birni nan take suke kamawa. Abin da ya hana ni ɗaukar ta a matsayin suna shi ne, ƙofa a kafe take tun kafin hanya ta zo, alhali a lissafi layin ne ke zaɓar inda zai bi. Canja 12 ɗin nan zuwa 18, wuraren su koma 9 da 6. Don haka na riƙe ƙofa don bayani a aji, suna kuma na nemi wani.

Shi ne na tsaya a kan maƙetara. Wurin da ake ƙetarewa, kamar inda mutanen bakin kogi suka san nan ne ake bi a haye, ko inda titi ya ƙetare layin dogo. Tana ɗauke da abubuwa biyun da nake so yaro ya gani. Akwai abin da yake shimfiɗe ba ya motsi, akwai kuma mai tafiya da ya zo daga wannan gefe ya wuce wancan. Kuma a daidai lokacin ƙetarewar, ba ka wannan gefe ba ka wancan, kana kan abin. Sifilin ke nan. Maƙetarar kwance: kana kan layin kwance, ba ka sama ba ka ƙasa, y sifili. Maƙetarar tsaye: kana kan layin tsaye, x sifili. Jam'inta maƙetaru, kamar makarantu da ma'aikatu. Ga yadda take zama a jimla: "Nemo maƙetarun layin 2x + 3y = 12, sannan ka zana shi." Baki bai yi tuntuɓe ba.

Wani babban malaminmu, wanda ya koyar da ni a sakandare, ya ja hankalina kan wani rauni, kuma gaskiyarsa. Ya ce, "Yaro, kalmarka ta yi wa miƙaƙƙen layi daidai. In ka zo kan lanƙwasasshe fa? Zanen y = x² yana saukowa ya taɓa layin kwance a sifili ya koma sama, bai ƙetare ba." Ranka ya daɗe, na kwana ina juya wannan. Abin da na gani shi ne, raunin yana iya zama amfani. Yaron da ya saba da maƙetara, ranar da ya ga zane ya taɓa ya koma, da kansa zai ce, "Malam, wannan ai bai ƙetare ba." Nan ne ƙofar da za ka shiga ka nuna masa cewa amsoshi biyu na x² = 0 ne suka faɗa wuri ɗaya. A irin wannan wurin sai mu ce mataɓa. Ban ce na rufe wannan babin ba, ina jiran gyaranka.

Wurare biyu kuma hanyar maƙetaru ba ta isa ita kaɗai, ya kamata mu riƙa faɗa wa yara tun da wuri. Layi irin y = 2x ta cibiya yake bi, inda na kwance da na tsaye suka gicciye, don haka maƙetarunsa biyu sun zama ɗigo ɗaya; dole a nemo wani ɗigon, misali x ya zama 1, y ya zama 2. Layi irin y = 4 kuma kwance yake shi ma, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin x har abada, maƙetarar tsaye kawai gare shi.

Jiya da daddare na aika wa ɗiyar tawa 3x − 4y = 12 ta wayar mamanta, ban ce mata komai ba sai "nemo maƙetaru". Bayan sallar isha'i hoton ya shigo. Ta ɗiga 4 a layin kwance, ta ɗiga 3 a ƙasan sifili a layin tsaye, ta ja layi ɗaya, babu tebur, babu alamar gogewa. A gefe ta rubuta da fensir: "Kawu, ta tsayen a ƙasa ta ƙetare."

Malaman da ke da aji ran Litinin, don Allah ku gwada ta a bakin ɗalibanku, ku dawo ku faɗa mana yadda suka ji ta. Musamman ina son jin na Sakkwato da Katsina da Damagaram, ko maƙetara tana da wata ma'ana a wajenku da za ta hana ta zama.