Shawarwarin iyaye mata a Gombe kan ɗorewa da motsa jiki

Matan da suka tattauna batun motsa jiki a Gombe, masu aikin ofis da masu sana'a a gida, bakinsu ya zo ɗaya: farawa ba wuya, ɗorewa ce aiki. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ko biki ya taso, sai a bar motsa jiki kwana biyu, daga nan zuciya ta ce ai an riga an ɓata.

A kan wannan aka fi daɗewa ana tattaunawa. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada uwa ta ɗauki ranar da ta tsallake a matsayin gazawa. Gobe ta ɗora kawai, ba sai ta rama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma ana iya gutsuttsura shi: goma bayan Asuba kafin yara su tashi, goma a dawowa daga kai su makaranta, da sauri a ƙafa maimakon hawa Keke Napep, goma da yamma a tsakar gida.

A Maris da Afrilu zafin Gombe ba ya ragawa, don haka safiya ta fi, da gorar ruwa a hannu.

Wasu sun ce a nemi maƙwabciya da za ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa. Ni ma na fi yarda da wannan, domin kunyarta na tada mutum ranar kasala. Mai jego kuwa, musamman wadda aka yi wa tiyata, ta fara jin ta bakin likita.