Risiba mai ɗaukar shiri a filash ko dikodar kamfani? Ku taimaka kafin Litinin

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Hajiyarmu ƙafa ta hana ta fita, abin da ke ɗebe mata kewa tafsiri ne da shirye-shiryen Arewa24. To da ta idar da isha'i barci ke ɗauke ta, washegari kuma ta hau tambayar jikoki yadda aka ƙare. So nake a riƙa ɗaukar mata shirin da dare ta kalla da hantsi. An ce ko dai in sayi risiba ta tashoshin kyauta mai ramin filash, ko dikodar kamfani mai ɗauka da kanta irin Explora ta DStv. Ba ma da wuta, sola ce, fanel ɗaya da batir ɗaya. Ba ƙwallo nake nema ba. Na sayar da riɗi, Litinin zan shiga Sabon Gari in sha Allahu.

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam. Malam sayi DStv kawai ka huta. Firimiya tana SuperSport, da wuya ka gan ta a risibar kyauta.

Abu Hafsat:
Na gode Ɗan Gumel, amma Hajiya ba ta san Firimiya ba.

Auwalu Chelsea:
Ai gara da ba ta sani ba, da ta faɗa hannun 'yan Arsenal sun ƙara mata hawan jini.

Na Babura:
Ni risibata dubu 18 na saye ta, har yau ras take.

Habu Wudil:
Dubu 18 a wace shekarar? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ko? Watan jiya na tambaya aka ce 32.

Na Babura:
Sun ga baƙauye ne suka yanka maka. Ƙanena bai biya fiye da 24 ba, kuma har da rimot biyu.

Sani Mai Dish:
Yaya Abu, bari in yi maka bayani, aikina ne shekara da shekaru. Risibar kyauta, irin su Strong da 'yan uwanta, ba ta da ma'ajiya a ciki, kai za ka soka mata filash ko faifan ajiya na kwamfuta. Abin da ta ɗauka naka ne, yawanci za ka iya zare filash ɗin ka buɗe a kwamfuta. Ba kuɗin wata. Kuma da yawansu da wuta 12 suke aiki, wato daidai da batirinka, sai a ja mata waya kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba. Amma ka duba jikin adaftar kafin ka biya.

Inda take da rauni guda biyu ne. Na farko, ƙofar sigina ɗaya gare ta, in tana ɗaukar wata tasha yara ba za su yi ta yawo da rimot ba. Na biyu, tashoshin kyauta da yawa ba sa aiko da jadawalin shiri, da hannu za ka saita mata ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Ka tabbata agogonta yana kan GMT+1, wato lokacin Najeriya, in ba haka ba ta ɗauko maka wani shirin daban, ba wanda kake so ba.

Ita ta kamfani ka danna kan sunan shiri kawai, ta riƙa ɗauka duk mako, har kana kallon wata tashar. Sai dai kuɗin wata ba fashi, akwai ƙarin kuɗi na ɗaukar shirin, kuma faifan da ke cikinta yana ƙara cin wuta. Abin da ta ɗauka a kulle yake, a cikinta kaɗai zai buɗe.

Baban Ilham:
Wannan magana ta ƙarshe da Sani ya faɗa a gurguje, ku tsaya a kanta, don ni ta ci ni.

Ina da dikodar wani kamfani mai ɗaukar shiri, ba zan kama suna ba. Wata babbar sallah aka nuna hawan garinmu a talabijin, mahaifina yana cikin tawagar hakimi. Kyamara ta tsaya a kansa sosai, yana kan farin dokin nan nasa, ya gyara rawani da hannun hagu yadda ya saba, har ya juyo ya yi murmushi. Na ɗauka. Bai kai wata sallar ba Allah Ya karɓi abinsa. Inna takan ce a sa mata, ta zauna gaf da talabijin ba ta cewa komai, in ya wuce ta ce a mayar.

Damina ta zo. Wani dare aka yi tsawa, ban zare wayar dish ba. Da safe sai warin ƙonewa, dikoda ta mutu, talabijin ta mutu. Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a birni, na ce masa ni ba ruwana da akwatin, abin da ke ciki nake so. Ya buɗe a gabana ya ce faifan lafiya lau, in ba shi dubu 7 in dawo bayan sati. Na dawo, ya ce bai samu zama ba. Zuwa huɗu na yi, kowanne da kuɗin mota. A na huɗun ya ce kwamfuta ta ƙi karanta shi, wai sai ya wanke shi ko zai buɗe. Ya wanke. Ya miƙo min faifai fanko yana cewa ai zan iya zuba finafinai. Wallahi a bakin shagon na zauna, na kasa tsayar da mota.

Har yau ban gaya wa Inna gaskiya ba, cewa nake yana wajen gyara. Da a filash yake da na rarraba wa 'yan uwa tun ranar.

Maman Walid:
Innalillahi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa aljanna ce makoma. Ka je gidan talabijin ɗin da suka nuna, wataƙila suna da shi a ajiye.

Habu Wudil:
Allah Ya gafarta masa. Amma wannan mai gyaran ka bar shi haka? Ni da sai mun je gaban shugaban kasuwa.

Baban Ilham:
Amin, na gode. Habu, in kai shi a ba ni me? Dubu 7?

Musa Ɗalibi:
Allah Ya jiƙan sa. Ko bai wanke ba da wuya ya buɗe, domin kamfanoni suna ɗaure abin da aka ɗauka da akwatin saboda haƙƙin masu shiri. Kuma filash ma yana mutuwa. Ga na bogi sun cika kasuwa, a rubuta giga 64 a jiki alhali bai fi 8 ba, in ya cika sai ya lalata na baya. Sannan in an tsara shi da tsarin ajiya na FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4.

Sani Mai Dish:
Risiba tana raba fayil ɗin da kanta, yaro. Wannan a waya ka karanta, mu a kan kwano muka koya.

Musa Ɗalibi:
Oga Sani, da girmanka, amma kai risiba kake sayarwa. Mai kaya ai ba ya kushe kayansa.

Sani Mai Dish:
Ina ɗaura na kamfani ma, jiya na saita guda a kan tauraron da ke 36 gabas. Wanda ya biya ni shi nake wa aiki. Ka taɓa hawa tsani da rana tsaka kana neman tauraron Nilesat?

Maman Walid:
Ku duka maza kuna ta lissafin giga, ba wanda ya tambayi wa zai riƙe rimot. Baban Hafsat yana gona da hantsi. Hajiya ce za ta shiga menu da Turanci ta nemo fayil? Mu muke wuni a gida, mu muka sani. Surukata ko ƙara murya sai an yi mata. In babu yarinya mai wayo a gidan, kowanne ka saya ado ne. Ni waya na saya mata mai babban allo, duk Juma'a a kai wa masu turi su zuba mata tafsiri, shi ke nan.

Abu Hafsat:
Gaskiya ne Maman Walid, ban yi wannan tunanin ba. Hafsat tana aji shida, ina ga za ta iya. Waya kuma Hajiya ba ta gani sosai a ƙaramin allo. Oga Sani, tana son tashar Harami ma, dish ɗaya zai kama su duka?

Bukar Maigatari:
In Bafillace ne ya ɗaura maka, shanu kawai zai kama.

Ardo Ƙarami:
Bawana Bukar, ka fara biyan kuɗin cajin wayarka tukuna.

Sani Mai Dish:
Tauraronsu daban ne, Harami a Nilesat ko Arabsat ake samu, kuma nan wajenmu yana son dish mai ɗan girma. Dish biyu ka haɗa da ɗan makunnin daisek mai sauya wa risiba dish, dubu 5 ne.

Na Babura:
Dubu 5? Ni 2,500 na saya.

Habu Wudil:
Kai komai naka rabin kuɗi ne. Ku dai ku gode wa Allah masu sola. Mu taransifomarmu wata na tara ke nan da ƙonewa. An bi gida gida an karɓi dubu uku uku, har da zawarawa, ba taransifoma ba bayani. Kuma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba.

Ɗan Gumel:
Mu sau biyu aka tara. Shi ya sa na rufe gidan kallona, kuɗin wata a gefe, fetur a gefe, yara su cika benci da naira ɗari ɗari, a tashi ko na mai bai fito ba.

Baban Ilham:
Mu wayoyin ma an sace, tun daga bakin titi har makarantar firamare. Turakun ne kawai a tsaye.

Abu Hafsat:
Allah Ya kawo mana sauƙi. Don Allah batir ɗaya zai riƙe risiba awa biyu da dare, sannan ya kunna talabijin da safe?

Habu Wudil:
Ɗan Gumel, ku wa ya riƙe kuɗin naku, kwamiti ko mai unguwa? Don mu ranar Asabar za mu zauna a ƙofar gidan dagaci, kuma na ce sai an karanto sunan duk wanda ya bayar.