Me za mu kira "procrastination" da Hausa?

1/ Jama'a, kwana biyu kalmar nan ta Turanci tana damuna. Duk inda aka fassara ta sai a ce lalaci ko jinkiri, ni kuwa babu wadda ta kwanta mini a rai.

2/ Malalaci ba ya son aikin, kuma hankalinsa kwance yake. Wanda nake nufi yana son ya yi, ya san zai cutu in bai yi ba, amma ya ɗage. Zai share ɗaki, ya yi wanki, ya amsa saƙonni rututu, duk don kada ya buɗe takarda ɗayan nan da ke jiransa. Dare ya yi, ya kwanta da zullumi. Kiran wannan mutum rago zalunci ne.

3/ Jinkiri ya yi faɗi, ai har cewa muke wani jinkirin alheri ne. Kalmar "nawa" kuma ta mai sanyin jiki ce. Jan ƙafa ya fi kusa, sai dai akwai ganganci a cikinsa.

4/ Tushen kalmar daga Latin ne: pro, wato gaba, da cras, wato gobe. Ashe maganar tana bakinmu tuntuni: "sai gobe". Shawarata mu ce saigobanci. Mai yi kuwa ɗan saigobe, 'yar saigobe, 'yan saigobe.

5/ Ga dalilin da na nace. Akwai tsare-tsaren gudanar da aiki da ake yayi, kamar na marubuci David Allen a littafinsa na 2001: ka sauke duk abin da ke kanka a takarda, ka fitar da mataki na gaba a kowane aiki, wanda bai wuce minti 2 ba ka yi shi nan take. Ga wanda ayyuka suka yi wa katutu, wannan magani ne, domin matsalarsa mantuwa ce da rashin sanin ta ina zai fara. Ɗan saigobe kuwa ya san aikin sarai, shi ne ma ke hana shi barci. Ka ba shi jadawali, sai ya wuni yana gyara jadawalin, yana sauya manhaja, ya ji kamar ya yi wani abu, aikin na nan inda yake.

6/ Masana halayyar ɗan Adam, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa ɗage aiki hanya ce ta neman sauƙin zuciya na ɗan lokaci. Mutum yana gudun fargaba ne, ko gundura, ko tsoron kada aikin ya fito ba kyau, sai ya bar wa kansa na gobe nauyin.

7/ Shi ya sa nake ganin dabarar Pomodoro ta fi yi masa amfani. Francesco Cirillo ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da agogon girki mai siffar tumatir: minti 25 na aiki, sai ɗan hutu. Ba ta ce ka gama ba, cewa ta yi ka fara, a nan kuwa ɗan saigobe yake maƙalewa.

8/ A jimla haka za ta zauna: "Saigobanci ne ya hana ni miƙa rahoton, ba yawan aiki ba." Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo mu gwada ta a wannan jimlar.